Iyatu Mai Bargo da Keke Mai Ƙafa Biyu

A ƙauyensu da ke bayan babban kanal, tsakanin Bunkure da Kura, Iyatu mai bargo ake ce mata. Mace ce doguwa siririya, ta ba hamsin baya, da ɗan ranƙwafawa a kafaɗa irin na wanda ya daɗe a kan keken ɗinki. Bargon da take yi ba irin na kanti ba ne. Guntayen atamfa da shadda da yadi take tarawa, waɗanda teloli suka yanke suka watsar, ta haɗa su gida-gida, ta shimfiɗa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, ta sa zane guda a ƙasa, sannan ta bi hawa ukun nan da ɗinki layi-layi har su zama abu ɗaya. Masu ban-ruwan tumatir da ke sammako cikin sanyi su ne manyan masu sayen kayanta, sai makiyaya, sai kuma masu jego.

Ubanta makiyayi ne da ya gaji da yawo. Da ruwan madatsar Tiga ya iso yankin, ya ga ciyawa ba ta ƙarewa a bakin kanal ko da rani, sai ya kafa bukka, daga baya ya yi ɗakin ƙasa, ya samu 'yar gona. A nan Iyatu ta tashi. Tun tana ƙarama aka san ta da tambaya. Akwai ranar da aka aike ta kai nono, ta ajiye ƙwaryar a gidan maƙwabta ta kama bin kanal, ita dole sai ta ga inda ruwan yake fitowa. Ta yi tafiyar rabin yini har ta iske wata ƙofar ƙarfe da ake murɗawa ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Dattijon da ke gadin wurin ya bar ta ta kama sitiyarin da hannu biyu ta murɗa sau ɗaya, sannan ya ɗora ta a bayan kekensa ya mayar da ita gida. Ta sha faɗa ranar, amma har yau idan tana ba da labarin, ba faɗan take tunawa ba, ƙarar ruwan take kwaikwayo da baki.

Ta auri Malam Jaji, manomi mai ƙarancin magana, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Keken ɗinkinta na farko na yayarsa ne, baƙin keke na ƙafa, wadda ta bar shi a gidan lokacin da za ta bi mijinta kudu. Ba wanda ya koya wa Iyatu ɗinki. Ta karya allurai sun fi a ƙirga kafin ta gane ta wane gefe ake zura zare. Ta fara da ɗinke ɓarakar kayan yara, ta koma yin siket da ɗankwali. Wata ranar kasuwar Kura, ana saura kwana kaɗan ƙaramar salla, ta ga wani tela yana share guntayen yadi yana tarawa a bakin kwata.

"Malam, me za a yi da wannan?"

"Wuta za a sa masa, Hajiya."

"Har da wannan shaddar?"

"Ai ba ta kai tafin hannu ba. Wa za ta yi wa riga?"

Ta nemi buhu ta kwashe. Bargon farko da ya fito daga buhun nan, gefe ɗaya ya fi gefe tsawo, launukan kuma kowanne ya kama gabansa. Malam Jaji ya naɗe ya tafi da shi gona. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, wani ya ce ko tsuntsaye zai kora da shi. Kafin sanyin shekarar ya wuce, biyu daga cikin masu dariyar sun aiko matansu suna tambaya ko akwai wani.

Shekara kusan talatin ke nan tana wannan sana'a, kuma a duk tsawon shekarun akwai abu ɗaya da ya tsaya mata a rai. Idan ta jera hawa ukun nan daidai wa daida, baki da baki, ta fara ɗinki daga wannan gefe, kafin ta kai wancan gefen sai ta tarar zanen ƙasa ya riga na sama ƙarewa. Na saman ya yi saura da kamar faɗin yatsu huɗu, ya tattare ya yi tudu. Ta gwada fil, ta gwada kafe shi da manyan ɗinkin hannu, ta gwada ja da hannun hagu tana turawa da na dama har kafaɗarta ta koma yi mata tsami kullum da yamma. Abin yakan ragu, ba ya tafiya. Ta tambayi teloli, suka ce haka keke yake. Ita kuwa wannan amsa ba ta taɓa shigarta ba. Abu biyu tsawonsu ɗaya, sun tashi tare, don me ɗaya zai riga ɗaya isa?

Bara da bazara, ana tsaka da kwashe albasa, keken ya tsaya. Tana cikin ɗinki ta ji wani ƙas a cikinsa, allura ta ci gaba da hawa da sauka, yadin kuwa ya ƙi motsi. Mai gyara ya zo a kan babur, ya leƙa ta ƙasa, ya girgiza kai, ya ce wani ƙarfe ne a ciki ya cinye ya karye, kuma irinsa ya daɗe da ɓacewa a kasuwa.

Abin da ya ba Malam Jaji mamaki, Iyatu ba ta nuna baƙin ciki ba. Da ya dawo daga sallar la'asar, ya same ta a tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, ta kwance keken gaba ɗaya, ta jera ƙarafunansa a kan faranti bisa yadda ta ciro su.

"Iyatu, gyarawa za ki yi?"

"A'a, Malam. Gani nake so in yi. Shekara da shekaru ina tsoron buɗe shi kada ya lalace. Yanzu ai ba abin da zan ɓata."

Ta ɗaga wani ɗan ƙarfe mai haƙora ta nuna masa. Ta ce wannan ne yake zaune a ƙarƙashin yadi yana jan sa gaba. Ta juya shi a hannu ta daɗe tana kallo. Ta ji a jikinta amsar tambayarta tana nan kusa da waɗannan haƙora, sai dai ba ta kama ta ba tukuna.

Tana da ɗan bijimi da ta yi shekara tana turkawa da dusar shinkafa da harawa. Malam Jaji ya kai shi kasuwa, maganar sayen sabon keke ta tabbata. Daga nan kowa ya zama mai ba da shawara. Amma wadda ta fi kowa ɗaukar zancen da zafi ita ce Rufaida, autarta, da ke aure a Kura tana koyarwa a Islamiyya. Ta zo da wayarta ta zauna kusa da uwar tana nuna mata bidiyon matan ƙasashen waje masu irin wannan sana'a. Wata tana tuƙa keke a kan wani dogon teburi da ya cika ɗaki, wata kuma tana danna maɓalli keken yana zana fure da kansa.

"Inna, kin gani ko? Irin wannan farin za mu sayo. Har da kwamfuta a jikinsa."

"Mayar da shi baya."

"Furen kike so ki ƙara gani?"

"Ba furen ba. Ƙafar nake kallo, wannan da ke danne yadin. Ba za a iya matso da ita kusa ba?"

Sau bakwai ta sa aka maimaita, amma mai ɗaukar hoton fure ya dame shi, bai tsaya kan ƙafa ba.

Ranar da za su shiga Kano, Iyatu ta ƙulle wani abu a bakin mayafi, ta sa wani a jaka. Na jakar ɗan ƙaramin bargo ne da ba a ɗinke ba, tsawon kamu biyu, hawa uku cif, kuma da gangan ta sa masa mahaɗa masu kauri inda guntaye huɗu suka haɗu wuri ɗaya. Na bakin mayafin kuwa ƙarfen nan ne mai haƙora. Suka hau mota a Kura, suka wuce shinkafar da aka shanya a gefen titi, suka sauka a birni da hantsi.

Shagon da aka kwatanta musu na Alhaji Badamasi ne, dattijo mai tabarau da tsinin gemu, kekuna jere a bayansa har rufi. Suka gaisa, Rufaida ta yi bayani, ya sa aka sauko da farin keken da take so. Ya kunna shi, 'yar fuskar gilashi ta kawo haske, ya ɗauko wani ɗan farin ƙyalle ya zana masa ado iri uku a jere. Rufaida ta dubi uwarta tana murmushi.

"Alhaji, a yi mini izini in gwada da nawa yadin," in ji Iyatu.

"Ga ƙyalle nan, Hajiya, na gwaji ne."

"Naka ai ba shi zan riƙa ɗinkawa ba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya matsa mata kujera. Ta zaro ɗan bargon ta sa. Keken ya tafi sumul har ya iso mahaɗar farko, sai ya yi wani gurnani, ya soki wuri ɗaya sau biyar, ya tsaya yana ƙara kamar agogo. Iyatu ta zare shi. Ta naɗe bargon ta gwada cusa shi ta sararin da ke tsakanin allura da jikin keken. Da ƙyar ya shiga.

"Wannan ɗan kamu biyu ne," ta ce. "Babban bargo na mutum biyu idan na naɗe shi ya kai cinyata. Ta ina zai wuce?"

Alhaji Badamasi ya yi dariya, ya ce lallai yau ya gamu da mai saye. Ya kai ta wurin babban keke na teloli, mai teburi da injin lantarki a ƙasa. Wannan yana da sarari, yana da ƙarfi. Ta ɗan taka kaɗan, kafin ta ƙifta ido ya cinye layin gaba ɗaya, mahaɗan ma bai san da su ba. Rufaida ta tafa hannu. Iyatu ta ciro bargon ta kai bakin ƙofa wurin haske, ta haɗa bakinsa. Na sama ya yi saura da faɗin yatsa biyu a ɗan wannan tsawo.

"Alhaji, me ya sa na ƙasa yake riga na sama?"

"Haka yadi mai kauri yake yi. Sai a riƙa ja da hannu."

"Na sani, shekara talatin ina ja. Dalilin nake tambaya."

Ya cire tabarau ya goge, ya ce gaskiya shi sayarwa yake yi, bai taɓa zama ya yi tunanin wannan ba. Ta kwance bakin mayafi ta nuna masa ƙarfenta, ta tambaya ko duk kekunan shagon irin wannan haƙoran ne da su. Ya ce duk ɗaya ne. Ta yi masa godiya sosai, ta ce za ta je ta yi shawara.

A mota Rufaida ta juya tana kallon taga. Sai da suka wuce gadar Tamburawa ta ce, "Inna, mun yini a birni mun dawo hannu biyu. Me zan ce wa Baba?"

"Ki ce masa mun gano guda biyu da ba za mu saya ba."

A Kura suka shiga adaidaita sahu da zai kai su gidan Rufaida. Kujerar sabuwa ce, ja da baƙi, an yi mata ɗinki gida-gida. Iyatu ta dafa ta don ta gyara zama, sai hannunta ya tsaya a kai. Ta shafa. Ta danna da yatsa. Leda ce a sama, soso a tsakiya, da ta leƙa ta ƙasa ta ga yadi. Hawa uku, kuma sun fi nata kauri nesa ba kusa ba. Ta bi layin ɗinkin da farce tun daga wannan gefe har wancan. Babu tudu, babu tattara.

"Ɗan nan," ta ce da direban, "wa ya ɗinka maka kujerar nan?"

"Sagiru ne, Baba, a bayan tasha. Ko ta yage ne?"

"Juya ka kai ni wurinsa."

"Inna, la'asar fa ta yi," in ji Rufaida.

"Ai akwai masallaci a tasha."

Rumfar Sagiru ta kwano ce, cike da soso da ledar kujera da tamfol, ƙaramin janareto yana ta kuka a waje. Magidanci ne kakkaura, da tef rataye a wuya. Da ya ga dattijuwa da 'yarta sun tsaya a kansa, ya zaci kujerar ɗaki suka kawo gyara. Iyatu ta gaishe shi, ta ce ita ba aiki ta kawo ba, kekensa take roƙon ya bar ta ta kalla.

"Kallo kawai, Baba?"

"Kallo kawai. Amma ka kashe wutar, ka juya shi da hannu a hankali."

Ya kashe, ya sa guntun leda da soso, ya kama wilin yana juyawa. Iyatu ta tattare zane ta durƙusa har idonta ya yi daidai da allura. Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Keken ƙafa biyu ne da shi, ɗaya a cikin ɗaya. Ta ciki ta sauko ta danne ledar, ta tafi da ita gaba tare da haƙoran ƙasa. Tana ɗagawa, ta waje ta sauko ta riƙe. Ɗaya ta taka, ɗaya ta ɗaga, kamar mutum yana tafiya.

"Ƙara juyawa."

Ya ƙara. Ta sa ya ƙara har sau nawa, sannan ta miƙe zaune a kan dugaduganta ta rufe baki da hannu tana dariya, har hawaye ya taru mata.

"Inna, lafiya?"

"Rufaida, zo ki gani. Nawa keken, haƙora suna jan na ƙasa, ƙafa kuma tana danne na sama ta hana shi tafiya. Ɗaya ana jan sa, ɗaya ana riƙe shi. Yaya za a yi su isa tare? Wannan kuwa sama da ƙasa tare suke takawa. Shi ke nan fa! Abin da ke nan!"

Sagiru ya sunkuya ya leƙa kekensa kamar yau ya fara ganin sa. Ya ce shekararsa goma sha biyu a kansa, ya san dai ba ya tattara leda, amma bai taɓa durƙusawa ya ga dalili ba. Ta ciro ɗan bargonta, suka farke ɗinkin Kano, ya sa a keken. Layin farko ya fito baki da baki, sai dai allurar leda ta huda atamfar manyan huji, zaren kuma kamar igiya. Sagiru ya tona gwangwaninsa ya samo allura mafi siranta, ya canza zare, ya sassauta wani noti a sama don ƙafar ta rage dannawa. Layi na biyu ya fito lafiya lau. Iyatu ta riƙe shi a hannu ta kasa ajiyewa.

"Amma Baba," in ji shi, "wannan nauyi ne da shi, kuma wuta yake ci. A ƙauyenku akwai wuta?"

Babu. Turakun lantarki sun iso ƙauyen, wayar wutar ce ba ta daɗe a kansu ba. Wannan ita ce maganar da Iyatu ta kai wa Malam Jaji washegari da safe, yana shan kunu. Ya saurare ta har ta gama, har da kwatancen ƙafafun da ta yi masa da yatsu biyu a kan tabarma. Yana da gona a can ƙarshen layi inda ruwan kanal ba ya isa sosai, ya haƙa 'yar rijiya ya sa famfo mai aiki da farantan sola.

"Yaushe kika fi yin ɗinki?" ya tambaya.

"Da damina mana, kafin sanyi ya shigo."

"Da damina farantan nan a ɗaki suke kwana, ba abin da suke yi."

Sati na zagayowa suka koma Kano, wannan karon su uku, da Malam Jaji. Iyatu ta yi wa Alhaji Badamasi bayanin keken da take nema. Ya ce ya san shi, yana da shi a sito, amma na masu kujera da masu takalmi ne, bai taɓa sayar wa mace ba.

"An hana ne, Alhaji?"

"Ba a hana ba. Ba su taɓa tambaya ba ne."

Ya sa aka fito da guda biyu, sababbi a kwali. Ɗaya ƙato ne na masu tamfol, ɗaya matsakaici. Ta sa aka juya mata kowanne da hannu, kuma wannan karon har Alhajin ya tattare babbar riga ya tsuguna kusa da ita yana kallon ƙafafun. Ta auna sararin da damtsenta, ta cusa naɗaɗɗen bargo na gaske da ta taho da shi. Matsakaicin ya ɗauke shi da sauran wuri. Aka gwada ɗora shi a teburin ƙafa ko za a huta da maganar wuta, ta taka kaɗan ta ce gwiwarta ba za ta kai sati ba. Sai Alhaji Badamasi ya kawo wani ƙaramin injin da ya ce ba ya cin wuta sai an taka, kuma ana iya rage masa gudu. Aka ɗaura. Ta sa aka rage, aka ƙara ragewa, har allurar ta koma sauka ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga hatsi.

"Hajiya, kowa gudu yake nema a saka masa."

"Ni so nake in riƙa ganin abin da yake yi."

Rufaida ta ɗan waiwayi farin keken da ke can sama cikin ledarsa, ta ce ko fure ɗaya wannan ba ya yi. Iyatu ta ce furen yana jikin atamfa tun daga masaƙa. Malam Jaji da Alhaji suka koma gefe suka daidaita.

Motar da ta kai shinkafa birni ce ta dawo da shi ƙauye. Maza huɗu suka sauke shi, sai da aka cire ƙyauren ɗaki kafin teburin ya shiga. Mai haɗa sola ya zo daga Kura ya ɗora farantan a kan rufi, ya haɗa batir da sauran kayansa. Matan unguwa suka cika tsakar gida suna leƙe. Wata ta ce wannan ai na maza ne, wata ta ce kamar injin markaɗe.

Satin farko bai zo da sauƙi ba. Ta ɗinke bakin mayafinta a jikin bargo har sau biyu. Hannunta ya saba da ja, sai ta riƙa jan yadin ba ta sani ba, layin ya karkace. Sai da ta koma ɗora tafin hannu a kai kawai, kamar mai lallashin jariri, ta bar keken ya yi tafiyarsa. Ran nan da yamma tana tuƙa tuwo ta lura kafaɗarta ba ta yi tsami ba, ta tsaya da muciya a hannu tana jujjuya kafaɗar don ta tabbatar. Kafin a yanke shinkafa ta gama barguna da a da sai ta kai tsakiyar sanyi tana fama da su. Da rani ya kama, aka ɗan yi ja-in-ja a kan farantan, Malam Jaji yana son famfonsa, ita tana da sauran aiki. Aka rabu a kan ɗaya ya zauna a gida, ita kuma ta riƙa ɗinki daga hantsi zuwa azahar kawai.

Kwanakin baya wata mata ta yi sallama a gidan, ta ce sunanta Murja, daga Madobi take. Shimfiɗar jarirai take yi da hannu, tana so ta sayi keke, Alhaji Badamasi ne ya ce kada ta sayi komai sai ta zo ta ga Iyatu. Aka ba ta ruwa, ta kwance ƙullinta. Iyatu ta ɗauki shimfiɗa ɗaya ta murza tsakanin yatsu, ta ce aikinta marar kauri ne, hawa biyu, ba ta bukatar ƙaton abu irin wannan, ƙaramin keke ma ya ishe ta, kada ta wahalar da kanta. Tana cikin maganar sai wani abu ya ɗauki idonta. Ta juya bakin shimfiɗar, ta sake juyawa, ta kai shi kusa da ido.

"Ƙanwata, ina zaren yake? Na ga baki a rufe, ban ga ɗinki ba."

"A ciki yake, Yaya. Kakata ce ta koya mini. Allurar ba ta fitowa waje, ta cikin ninkin take bi."

"Ta cikin ninkin? To ta ina take kama na ƙasa?"

Murja ta fara kwatantawa da baki, Iyatu ta ce a'a, baki ba zai yi ba. Ta tashi ta ɗauko allurar hannu da guntun atamfa, ta ja tabarma zuwa inuwar darbejiya inda haske ya fi, ta ce wa baƙuwar ai ba za ta tafi ba sai ta ci abinci. Murja ta zura zare ta yi ɗinki uku a hankali, ta miƙa mata. Na farkon da Iyatu ta yi ya fito waje ɓaro-ɓaro. Ta farke shi, ta matso kusa.